Malama Khairiyya da Silin Gashin Jannat

Kullum in gari ya waye a Kusada, kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, Malama Khairiyya Maharazu ta riga ta share tsakar gidanta, ta dama koko, ta sha ita kaɗai a bakin ƙofar ɗaki. Daga nan sai ta jawo akwatin aikinta ta buɗe bisa tabarma. Ba wani abin kallo a ciki. Ƙananan kwalaben roba ne da ta wanke ta kife tun jiya, da ambulan masu girman tafin hannu, da wani almakashi da ba ta yarda kowa ya taɓa, sai wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo wadda ke ƙas-ƙas in an kunna ta. Ta duba batir, ta rufe akwati, ta yafa mayafi ta fita. Ba wanda za ta ce wa sai na dawo. Mijinta, Malam Zainul Abidin, ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Haka ta yi ta yi shekara talatin da biyar, har watan jiya da ta ajiye aiki. A takarda, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce ta sashen lafiya, mai zagaya ƙauyukan Kankia da Kusada. A bakinmu kuwa, mu mutanen gari, sunanta Mai Tsintar Gashi. Ba a faɗa a gabanta, amma ta sani sarai.

Wanda bai san aikin ba sai ya ce wahalar banza take sha. Ita dai abin da take auna ido ba ya ganinsa. Akwai sinadaran da jikin mutum ke buƙata ɗan ƙanƙani, ko ƙwayar gero ta fi su yawa, amma in babu su sai jiki ya lalace. Aidin da ke cikin gishiri yana cikinsu, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo. Akwai kuma waɗanda ba su da hurumin shiga jiki sam, irin su dalma. Sannan wasu duwatsun da ƙasa suna fitar da wani tururi mara launi mara wari, wanda masana ke kira radiyeshin, kaɗan ɗinsa ba komai, mai yawa ne illa. Shi na'urar nan ke saurara. Sai Malama ta ɗibi ruwan rijiya, ta ɗibi ƙasar gona, da gero, da kanwa, abin da za ta iya gwadawa ta gwada, saura ta liƙe ta rubuta suna ta aika Zariya, inda manyan injina suke.

Ku tambayi Yakubu ɗan kabu-kabu, wanda ya yi shekaru yana kai ta ƙauyuka har furfura ta fito masa. Shi ya ba ni labarin rijiyar wajen Tafashiya. An haƙa ta a jikin dutse, ruwa garau, sai wani ɗan boko da ya zo hutu ya ce ai ruwan dutse ciwon daji yake kawowa. Shi ke nan! Mata suka koma tafki mai nisa, suna sha tare da shanu. Malama ta zo ta kunna na'urarta a bakin rijiyar, ta ɗibi ruwa ta aika, bayan mako uku ta dawo da takarda ta karanta masu cewa lafiya lau. Ba wanda ya kula da takarda. Sai ta karɓi guga ta ja da hannunta, ta shanye moɗa uku a gabansu, ta koma gindin wata bishiyar bedi ta zauna har la'asar don su ga ko za ta faɗi. Yakubu ya ce wallahi ko tabarma ba wanda ya miƙo mata. Washegari dai mata suka dawo rijiya.

A kasuwar Kankia ma masu gishiri sun san ta. Takan ɗiga wani ruwa a kan gishirin, in ya rine shuɗi akwai aidin, in ya tsaya fari ta ce a canza buhu. Sun zage ta, sun yi mata ba'a, daga baya su da kansu ke kiran ta in sabon kaya ya sauka.

Da a ruwa da gishiri ta tsaya, da yau ana kiranta Hajiyar lafiya, ana aika mata da cincin ranar biki. Gashi ne ya ja mata.

Mu nan gashi da farce ba abin yarwa ba ne, kowa ya sani. Mace in ta taje kai, sai ta tattara abin da ya biyo mataji ta dunƙule, ta binne ko ta cusa a tsagar katanga, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi ya kai wa boka. Jariri in an yi masa askin suna, kakarsa na tsaye kan wanzami har sai an damƙa mata gashin. To ga mace, ba miji ba ɗa, tana yawo gida-gida da almakashi tana cewa a ba ta ɗan gashin ƙeya. Me kuke zaton za a ce? Ita kuwa dalilinta a fili yake. Abin da ya shiga jinin mutum yana taruwa a gashinsa wata da watanni, kuma gashi ba ya ruɓewa a ambulan kafin a kai Zariya, ba kamar jini ba da ke son sanyi, ga shi ba mu da wuta.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, da kaka, aiki ya kai ta Unguwar Jaji, wata 'yar ruga ta manoma can bayan Kaikai. Ruwan rijiya ta je ɗiba. Ta shiga wani gida neman inuwa, sai ta tarar da wata matashiya mai suna Haulatu tana taje wa ɗiyarta kai. Yarinyar, Jannat, shekararta uku. Ta yi fari fat, ta rame, tana riƙe da ciki tana wani kuka mara ƙarfi. Haulatu ta ce wata biyu ke nan, ba ta cin abinci, takan tashi ta faɗi, kuma 'yan kalmomin da ta iya duk suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. An kai ta ɗakin shan magani an ba su na zazzaɓi har sau uku. Yanzu dai an ce iska ce.

Malama ta taɓa ganin hotunan yara irin wannan a horon da aka yi masu bayan gubar dalma ta yi ɓarna a Zamfara. Ta san in dalma ce, kowace rana da ta wuce ƙwaƙwalwar yarinyar nan ake ci, kuma abin da aka ci ba ya dawowa.

Mijin Haulatu ya tafi ci-rani, gidan yana hannun uwarsa, tsohuwa Hussaina. Malama ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, alfarma nike nema. Ɗan gashin yarinyar nan kaɗan, daga ƙeya. In kai a duba mi ke cikin jikinta."

Tsohuwa ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. "Gashin jikanyata? Ki kai shi ina?"

"Zariya, Inna."

"Wa muka sani Zariya? Yarinya na fama da iska ki ce a ba ki gashinta? Tashi, baiwar Allah. Ruwa kika zo ɗiba, ki ɗiba ki tahi."

A nan ne Malama Khairiyya ta yi kuskuren da ta ce in rubuta, kada in ɓoye. Ta ga lokacin da Haulatu ta dunƙule gashin mataji ta cusa a tsagar katanga kusa da zaure. Da ta zo fita, ta waiga ba ta ga kowa ba, sai ta sa yatsa ta zaro shi ta jefa a ambulan. Ashe tsohuwa na leƙe ta bayan rumbu.

Kwana biyu tsakani Jannat ta sandare, idanu suka kafe, kumfa a baki. Kafin azahar labari ya kai Kaikai, kafin la'asar ya iso Kusada. Mai unguwa Jaji ya aiko a gaya wa Malama in ƙafarta ta ƙara taka unguwarsa, duk abin da ya same ta ita ta ja. Kuma abin takaici, gashin da ta sayar da mutuncinta a kansa bai yi amfanin komai ba. Mutanen Zariya suka maido shi, suka ce ya cakuɗe da ƙasar katanga da gashin wasu, ba za a iya cewa na wane ne ba.

Mako biyar ta yi a haka. Tana zuwa ofis, tana dawowa. A layinsu aka yi suna biyu ba wanda ya gaya mata, sai dai ta ji guɗa ta katanga. Mai kitson da ta saba zuwa wurinta ta aiko cewa hannunta na ciwo. In ta shiga gidan gaisuwa sai ka ga mata na gyara ɗankwali, ana jan yara ana zaunar da su a cinya. Ta rubuta wa na gaba da ita takarda, aka ce za a duba. Ruwan rijiyar Unguwar Jaji da ta aika ya dawo, ba komai a cikinsa. Ta ce mani a wancan lokacin ko abinci ba ya wuce mata, ba don abin da ake faɗa a kanta ba, sai don ta san yarinya na can tana ƙarewa, ita kuma da hannunta ta toshe hanyar zuwa wurinta.

Wata ranar kasuwar Kusada, rana tsaka, aka yi sallama a ƙofar gidanta. Haulatu ce, da Jannat a goye, ƙafafu duk ƙura. Da za ta baro gida, ce wa tsohuwa Hussaina ta yi asibiti za ta. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwan da aka miƙa mata ba.

"Malama, ni ba don na yarda da ke na zo ba," in ji ta. "An yi rubutu, an yi turare, ba abin da ba a yi ba. Yau kwana ashirin ɗiyata ba ta ce mani Inna ba. In ke kika kama ta, ki dubi Allah ki sake ta. In kau ba ke ba ce, ga kan nan, yanke."

Malama ta ce, "Ban kama ta ba, ɗiyata, Allah shi ne shaida. Amma na yi maku laifi, na ɗauki abin da ba a ba ni ba. Ki yafe mani."

Haulatu ba ta ce ta yafe ba. Ta dai kwance goyo ta juya ƙeyar yarinyar. Malama ta wanke almakashi a gabanta, ta nuna mata inda za ta yanka da iyakar yawansa, bai kai kaurin tsinken tsintsiya uku ba. Ta ba ta ambulan ta liƙe da kanta. Sannan ta ce, "Abin da ya rage bayan gwaji zan maido maki shi hannu da hannu, ki binne inda kika ga dama."

Wannan karon ba ta aika ba. Washegari ta hau mota da kanta zuwa Zariya, ta zauna a benci a ƙofar ɗakin gwajin kwana huɗu, tana gaida kowa da ya wuce har suka ji kunya suka sa nata a gaba. Sakamako ya fito, dalma ce, mai yawan gaske. Da takardar a hannu ta tsaya kan Haulatu har aka kai Jannat babban asibiti a Katsina, aka gwada jini ya tabbata, aka fara ba ta maganin da ke fitar da gubar. Yarinyar ta rayu.

Saura a gano ta ina dalmar ke shiga, in ba haka ba a sallamo ta ta koma gidan jiya. Malama ba ta da ikon shiga unguwar, don haka Haulatu ce ke kawo mata kaya a ƙullin zane: gero, kanwa, tsamiya, ƙasar tsakar gida, har kwallin da take sawa a ido. Kwallin akwai dalma, amma ba a taɓa sa wa Jannat ba. Saura duk lafiya lau. Kai ya ɗaure. Sai rannan Malama ta ce, "Bar kawo mani ɗanye. Mi take ci kullum? Kawo mani dafaffe." Kunun tsamiya ne, shi kaɗai yarinyar ke yarda ta sha tun da aka yaye ta. Gero ba komai, tsamiya ba komai, ruwa ba komai, amma kunun cike da dalma.

"Cikin mi kike dama shi?"

"Tukunyar aurena mana. Ta sanholo."

Da aka kawo tukunyar, Malama ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta ji ta rinjaye ta. Sanholo farin ƙarfe ne mara nauyi, wannan kuwa sai ka ce an zuba mata yashi. To mu yadda muke sayen tukunya ke nan, a ɗaga a ji nauyi, mai nauyi ita ce mai auki. Wani mai zuba tukwane a wata kasuwar ƙauye ya gane haka, sai yake narka ƙarfen cikin mataccen batirin mota yana haɗawa don tukunyarsa ta fi ta kowa nauyi. Abu mai tsami in ya tafasa a ciki, ya kwana a ciki, sai ya jawo dalmar. Uwar Haulatu kuwa, da za ta aurar da ɗiyarta, sai da ta ɗaga tukwane goma ta zaɓo mata wadda ta fi nauyi, don kada a raina ta a gidan miji. Da Haulatu ta ji haka ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Wayyo Inna, ai so ne."

Mai unguwa Jaji dattijo ne, da aka kai masa takarda da tukunya bai yi gardama ba. Ya sa aka tattara irinsu gida-gida, aka samu goma sha huɗu. Aka duba yaran gidajen, uku aka kai Katsina. Mai zubin da kansa, da aka je masa, rantsuwa ya yi ta yi cewa bai sani ba, ɗiyansa ma a ciki ake dafa masu, kuma gaskiyarsa ne. Malama ta koma Unguwar Jaji da rana, ta durƙusa gaban tsohuwa Hussaina, ta miƙa mata ragowar gashin a ambulan. Tsohuwa ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Ke ce, Malama, tun daga ranar ba ki ƙara yanke gashin kowa ba sai mai shi ya liƙe ambulan da hannunsa, kuma ba ki taɓa kwana da ragowar gashin wani ba tare da kin maida masa ba, ko da ƙauyen na bayan rafi ne damina ta cika shi. Ke ce kika bi kasuwanni kina ɗaga tukwane kina hana mata zaɓen mai nauyi, suna dariya suna cewa Mai Tsintar Gashi ta koma tsintar tukunya. Mun canza tukwanenmu kuwa, amma sunan ba mu canza maki ba. Har yau akwai gidajen da in kin yi sallama sai an ɗaura wa yara ɗankwali kafin a amsa. Ina jin kunyar rubuta wannan, don gidanmu na ciki.

Ranar da ta ajiye aiki ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba. An ba ta takardar yabo a ofis, ta miƙa akwati da na'ura, ta dawo gida. Da na je gaishe ta bayan kwana biyu, na tarar da baƙi uku a tsakar gida. Haulatu ce da 'ya'yanta mata biyu. Jannat ta zama budurwa, doguwa, kyakkyawa, mai yawan murmushi. Magana tana yi mata wuya, sai ta tsaya ta nemo kalma, kuma makaranta ta gagare ta tun daga aji biyu. Ƙanwarta Kamila, wadda aka haifa bayan an fasa tukunyar, ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Haulatu ta ce a karanta masu abin da aka rubuta a takardar yabon. Jannat ta riƙe takardar da hannu biyu, Kamila na karantawa.

Da suka tafi, Malama ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ce mani, "Ka ga Kamila? Haka Jannat za ta zama. Da na yi haƙuri na koma na roƙa, ko sau goma ne, da mako biyar ɗin nan bai tahi a banza ba. Kullum sai na tuna."

Ga amsata yanzu, a gaban kowa.

'Yan'uwa, masu irin aikin nan suna nan, za su ci gaba da zuwa ƙofofinmu da kwalabe da ambulan. Ku tambaye su, ku sa su yi bayani, ku ce a maido maku ragowa, haƙƙinku ne. Amma kada ku kore su. Ku kuma matasa da kuka gaji akwatin Malama, ku yi koyi da naciyarta, ku yi koyi da yadda ta durƙusa ta ce ta yi laifi, ku yi sallama ku roƙa ko da za a wulaƙanta ku.

Ke kuma Malama Khairiyya, 'yar Maharazu, mai auna abin da ido ba ya gani, mun gode. Yaran gidaje goma sha huɗu sun tashi da hankalinsu saboda ke, Jannat na numfashi saboda Allah ya sa kin shiga gidansu neman inuwa. Mako biyar ɗin nan da kike ɗauke da shi shekara goma sha biyu, ba naki ba ne ke kaɗai. Ke kin zaro gashi a katanga sau ɗaya, kin kuma nemi gafara. Mu ne muka rufe maki ƙofa yarinya na ciki tana ƙarewa, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce maki komai. Allah ya saka maki da alheri, ya ba Jannat sauƙi. Mu kuma, Malama, ki yafe mana.